Okteb faz ba ya son taron tsirkiyoyi

Wani ƙanenmu daga Maamobi, mai kaɗa jita a wata ƙungiyar hailaif da ke zagaya wuraren aure da suna a Nima, Madina da Ashaiman, ya turo mini tambaya. Ya ce ya sayi fedal na hannu a Circle, nan Akara, wato ɗan akwatin canza muryar jita da ake takawa da ƙafa, irin wanda ake kira okteb faz. Ya jona, ya kaɗa kod ɗin da ya saba, wato tsirkiyoyi da yawa a tare, sai ga ƙara kamar rediyon da ta ɓata tasha, muryar saman da aka ce fedal ɗin yana ƙarawa kuwa ko alamarta bai ji ba. Yana so ya sani: jabu aka sayar masa, ko lalacewa ya yi, ya mayar wa mai shi?

Ƙanena, kada ka mayar tukuna. Yadda ka kwatanta ƙarar nan, ni a kunnena alamar lafiya ce. Na fi shekara talatin ina gyaran rediyo da amf, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, jita kuma tun kafin nan nake taɓa ta, kuma kusan duk wanda ya kawo mini irin wannan fedal yana kukan ya mutu, da hannunsa yake komawa da shi ban ko kunna ƙarfen soda ba. Bari in fara da abin da ke cikin akwatin.

In ka kaɗa tsirkiya, kai-komo take yi. Fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ke mayar da wannan kai-komo ya zama 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka, tudu da kwari. Yawan zagayen a sakan guda shi ke sa murya ta yi kauri ko ta sirance. Tsirkiya ta biyar, wato A, in ba ka danne ta ba, sau 110 take zagayawa a sakan. In adadin ya ninka ya zama 220, A ɗin ce dai, sai dai a sama, kamar yaro da babansa suna rera waƙa ɗaya, ta yaron ta fi siranta amma ba su saɓa ba. Wannan tazara ita ce okteb. Faz shi kuwa ba wani abu ba ne illa ɗura wa taransisto ƙarfin da ya fi ƙarfinsa, har ya aske kan tudun da gindin kwarin, muryar ta fito da gautsi da kaushi. Tun 1962 kamfanin Gibson ya fara sayar da irin wannan da sunan Maestro Fuzz-Tone.

To, yaya ake samo muryar sama a akwatin da babu kwamfuta a cikinsa? Nan ne abin ya ba ni sha'awa tun ranar da na fara buɗe ɗaya, domin na tarar da darasin da maigidana ya koya mini a makon farko na koyon aiki. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Gana bolt 230 ce, tana hawa da sauka sau 50 a sakan. Yawancin rediyon da ake jonawa a bango suna da wasu ƙananan kayan wuta a ciki, diyod-diyod, masu kama rabin da ya yi ƙasa su juyo da shi sama. Da ma tudu ɗaya kwari ɗaya ne a kowane zagaye, yanzu ya koma tudu biyu. Hamsin ta zama ɗari. Shi ya sa tsohon mai gyara, in ya ji amf yana gurnani, da kunne kawai yake rarrabewa: gurnani mai kauri na 50 yawanci matsalar wayar ƙasa ce, wanda ya fi shi siranta na 100 kuwa babbar kwandansa ce ta gaji. Wannan dabarar ce aka ɗauko tsaf aka ɗora wa jita. A raba siginar gida biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a kife, da ƙaramar taransifoma ko da taransisto, a bi da kowanne ta diyod ɗinsa, a sake haɗa su. 110 ta shiga, 220 ta fito. Fedal ɗin bai san wane noti ka kaɗa ba, ba ya lissafi, ba ya saurare. Duk abin da ka miƙa masa ninke shi kawai yake yi, kamar mai naɗe tabarma.

Wani Bature ɗan Ingila, Roger Mayer, wanda ya yi aikin binciken sauti a ɗakin gwaje-gwajen rundunar ruwan ƙasarsu, shi ya ƙera wanda ya yi suna, ya kira shi Octavia. Ya ba Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita ɗan Amurka, a farkon 1967 a Landan, kuma in kana son jin yadda ya kamata ya yi, saurari solon tsakiyar waƙar Purple Haze. Ka lura da abu ɗaya: noti ɗai-ɗai ne, ba kod.

Dalilin haka lissafi ne, kuma ka yi haƙuri ka bi ni, don nan ne amsar tambayarka take. In noti biyu suka shiga wannan ninki tare, ba kowanne ne kawai ke ninkuwa ba. Suna haifar da wasu muryoyi biyu da ba ka kaɗa ba: jimillarsu, da kuma bambancin da ke tsakaninsu. Ɗauki A mai 110 da E mai 165, abin da makaɗa ke kira na biyar. Ninkinsu 220 da 330, jimilla 275, bambanci 55. Duba da kyau, duk 'ya'yan 55 ne, gida ɗaya suka fito, shi ya sa kod mai tsirkiya biyu irin na 'yan rok yake fitowa da kauri kamar an ƙara bes a ƙasa. Yanzu ɗauki A mai 220 da C mai 262, wato na uku. Jimilla 482, bambanci 42. Wannan 482 babu shi a ko'ina a wuyan jitarka, tsakanin fireti biyu ya faɗa, wato ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan. Baƙo ne ya shigo waƙar ba gayya.

Kai kuma me kake kaɗawa? Hailaif. Kiɗan da aka gina shi kacokan a kan na uku da na shida suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, da kod masu noti huɗu da ake tsinka da sauri. Noti huɗu suna ba da haɗi shida, kowane haɗi 'ya'ya biyu, baƙi goma sha biyu ke nan kafin faz ya zo ya tattake su gaba ɗaya. Rediyon da ta ɓata tasha da ka ji, ita ce wannan. Da za ka ɗauko salon su Koo Nimo ko Ebo Taylor ka zuba a cikin fedal mafi tsada a duniya, haka zai yi.

Saboda haka ka daina kallonsa kamar abin da zai yi wa kiɗanka na kullum ado. Ka ɗauke shi kamar ka ajiye jita ka ɗauki goge. Mai goge tsirkiya ɗaya gare shi, noti ɗaya a lokaci guda, amma in ya ja baka duk filin sai ya juyo. Okteb faz haka yake, kuma muryarsa in ta fito daidai tana tsakanin goge da algaita, da hanci-hanci, da kuka a ƙarshenta. Ni a ganina mu 'yan zango mun fi kowa dacewa da wannan fedal, domin waƙoƙin da muka taso da su, na Hausa, na Dagomba, na Zabarma, layi ɗaya ne a kan noti biyar, mai waƙa ya ba da baiti 'yan amshi su karɓa. Saurari yadda makaɗan jitar Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar ke tafiyar da layi ɗaya a kan tsirkiya, ka ga inda wannan murya za ta zauna daram.

Yanzu ga yadda za ka fito da ita. Diyod ɗin nan sun fi ninka igiya mai santsi, wadda babu tarkace a kanta. Tsirkiyar jita kuwa ba murya ɗaya take bayarwa ba, akwai uwar murya da ƙananan muryoyi da ke bin ta a sama, kuma kowace ƙaramar murya tana shiga wancan lissafin jimilla da bambanci ta dagula ruwan. Aikinka shi ne ka rage su kafin su isa fedal. Juya maɓallin jitar zuwa fikof na wajen wuya. Murɗe abin ton ƙasa, rabi ko fiye, har jitar ta yi kamar mai mura. Sannan ka hau can sama, daga firet na 12 zuwa na 17, a tsirkiyoyi uku na siraran nan. Ba camfi ba ne. Firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya daidai, in ka danne a nan rabi ne kawai ke kaɗawa, kuma a jita irin Stratocaster fikof na wuya yana kusan tsakiyar wannan rabin, inda uwar murya ta fi ƙarfi, ta biyu kuma ta yi shiru. Ka kaɗa a hankali, da naman babban yatsa in za ka iya, a saitin ƙarshen wuya, kada ka matsa kusa da gada, inda tsirkiyoyi suka ƙare a jikin jita. Sauran tsirkiyoyin duka ka kwantar da su da gefen tafinka, don ko ɗaya ta motsa kaɗan za ta shiga lissafin. Siririyar tsirkiya a firet na 12 tana wajen 660, za ka ji 1,320 ta taso a kanta kamar fito. Abin murɗa faz na jikin fedal kada ka kai shi ƙarshe, yawancinsu a ƙasa da rabi suka fi bayyana okteb. In kuma ka rage ƙarar jitar daga jikinta, faz ɗin zai ja baya, ya bar maka wata murya kamar ta ƙararrawar ƙarfe. Mutane da yawa saboda wannan kawai suke sayensa.

Za ka kuma lura noti ba ya mutuwa a hankali, yakan tsinke ne da tartsatsi. Wannan ma ba ciwo ba ne. Diyod ba ya buɗewa sai wutar ta kai wani mizani, wajen bolt 0.3 ga na jameniyam, wajen 0.6 ga na silikon. Da tsirkiya ta yi sanyi ta gaza wannan, ƙofa ta rufe.

Akwai wani abu da nake zargi a kanka, ko da ba ka faɗa ba. Ƙungiyoyinmu da yawa ba sa ɗaukar amf na jita zuwa wurin biki. Kuɗin tasi ya yi yawa, sai a jona jita kai tsaye a mikisa, ta fito ta manyan lasifikan haya. Jita mai tsafta tana jure wannan. Faz ba ya jurewa ko kaɗan. Lasifikar amf na jita da kanta take zubar da duk abin da ya wuce wajen 5,000 a sakan, kuma a can saman ne duk ƙaiƙayin faz yake. Lasifikan biki suna da tuwita da aka yi musamman don ta fito da wannan saman. Sakamakon shi ne ƙarar injin niƙan ƙarfe, tsofaffin mata su toshe kunne, uwar amarya ta aiko a rage. In babu amf, nemi ƙaramin akwatin da ke kwaikwayon lasifikar jita ka sa shi a ƙarshen layi, yawancin manyan fedal masu tarin sautuka suna da shi a ciki. In babu wannan ma, roƙi mai mikisa ya murɗe saman layinka ƙasa sosai.

Jerin fedal kuma: shi ne na farko bayan jita, ko ya bi bayan fedal ɗin wah-wah in kana da shi. Tsofaffin ƙirar faz sun fi son su ji fikof kai tsaye, kuma fedal irin na Boss suna da wani ɗan da'ira da ke aiki ko an kashe su, wanda kan sa wasu faz su ƙara kaifi. Obadiraib, ƙanen faz mai sauƙin kaushi, a bayansa yana rage masa ƙaya. Dilei da ribab, masu ƙara amsa-kuwwa, a can ƙarshe, don in ka sa su a gaba, amon notin da ya wuce zai haɗu da sabon, ka koma gidan jiya.

Ba ka gaya mini sunan naka ba, kuma suna da dangi. Masu bin Octavia, har da ƙirar Tycobrahe da aka yi a Kalifoniya a shekarun 1970 wadda yawancin na yanzu suke kwaikwayo, su suka fi ba da okteb a fili, su kuma suka fi tsanar kod. Univox Super-Fuzz, wanda kamfanin Shin-ei na Japan ya ƙera a ƙarshen shekarun 1960, faz ne mai nauyi, okteb ɗinsa a cakuɗe yake a ciki, ba a kashe shi. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya yi amfani da shi a wasanninsu na wajen 1970. Yana da maɓalli mai kwashe tsakiyar murya, wanda a ɗaki kai kaɗai yake da daɗi, amma a tsakiyar ganguna da kibod da ƙahoni sai ka ɓace ɓat. Foxx Tone Machine na farkon shekarun 1970, mai akwatin da aka lulluɓe da wani abu kamar gashin karan-miski, yana da maɓallin kashe okteb, kuma da ni za ka tambaya wane iri ya dace da ɗan hailaif mai fedal ɗaya, irin wannan zan ce, don ka sami faz zalla in kana so. Akwai kuma masu zuwa ƙasa maimakon sama, kamar MXR Blue Box mai ƙara murya okteb biyu a ƙasa. Shi ba ninki yake yi ba, ƙirga zagaye yake yana rabawa, kuma shi ma noti ɗaya yake iya bi, ko a nan ma yana tuntuɓe. In abin da kake nema tun farko shi ne kod ɗinka su fito da ƙarin murya a sama kamar ogan ɗin coci, to ba wannan layin za ka bi ba sam. Na dijital kake so, irin POG na Electro-Harmonix. Shi yana da ƙwaƙwalwa a ciki, yana bin kod, sai dai ba shi da wannan kukan.

Sai maganar wuta, wadda ta fi komai kashe fedal a garin nan. Yawancinsu bolt 9 suke ci, kuma a bakin adaftarsu tsakiyar ce nagatif. Adaftocin da ake zubawa a tebur a kasuwa, na rawuta da ƙananan rediyo, yawanci akasin haka ne, da yawa kuma bolt 12 ne. Bakin iri ɗaya, yana shiga lafiya lau. Ni kaina na taɓa ƙona nawa haka a wani aure a Ashaiman, na manta adafta a gida, na aiki yaro ya sayo a bakin titi, ban duba zanen jikinta ba. Warin kawai na ji. Ka duba ɗan zanen da ke jikin adafta da na jikin fedal su dace. In kayan daga Amurka suka zo da adaftarsu, karanta ko ta bolt 120 ce kafin ka cusa ta a bangonmu. Wasu tsofaffin ƙirar kuma wayar ƙasarsu a juye take, ba a haɗa su da sauran fedal a adafta ɗaya. Ni dai shawarata batir. Faz wuta kaɗan yake ci, batir ɗaya na kirki zai kai ka bukukuwa da yawa, ba ruwanka da gurnanin janareta ranar da dumso ta tashi, wato aka ɗauke wuta. Ka dai riƙa zare wayar jita daga bakin shiga in ka gama, domin ita ce makunnin batir ɗin.

Zafin Akara ma yana da nasa. In akwai taransiston jameniyam a ciki, zafi yana canza masa hali, fedal ɗin da ya yi daɗi da asuba a ɗaki sai ya shaƙe da azahar a ƙarƙashin rumfar tamfol. Kada ka bar shi a rana a kan siminti. Iskar teku tana sa bakin jak tsatsa, ƙurar hunturu tana shiga abubuwan murɗawa su riƙa ƙarar yashi. Maganin duka biyun feshin goge mahaɗar lantarki ne, ana samunsa a shagunan kayan lantarki na Zongo Lane. Kada ka fesa masa man da ake sa wa kwaɗon ƙofa.

To yaushe za ka ce lallai ya lalace? Sa sabon batir, jona jita a fedal, fedal a amf na jita, ba komai a tsakani. Fikof na wuya, ton a ƙasa, tsirkiya ta biyu a firet na 15, noti ɗaya tak. Kashe fedal ka saurara, kunna ka saurara. In muryar siririya ta hau kan ta farko, lafiyarsa ƙalau. In faz kawai kake ji, kauri ba fito, kuma ka tabbata maɓallin okteb a kunne yake, to mai yiwuwa ɗaya daga diyod biyun nan ya mutu, ko sodarsa ta saki, ko wani ya taɓa canza ɗaya da wanda ba sa'ansa ba. Dole su zama tagwaye, don in ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, tudun biyu ba za su yi tsawo ɗaya ba, kunne kuma zai ci gaba da jin tsohuwar muryar. Kowane mai gyaran rediyo yana iya ɗaga ƙafa ɗaya ta kowannensu ya auna da mita, lambobin biyu su yi kusa da juna. Diyod irin 1N34A ba abin tsada ba ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka fara gwada shi a filin aure. Zauna da shi sati biyu a ɗaki. Zaɓi waƙa ɗaya a jerinku inda mai waƙa ke ba da baiti ƙahoni su amsa, ka roƙi shugaban ƙungiya ya bar maka amshin sau ɗaya. Kod ɗinka ka kaɗa su da tsafta yadda ka saba, in wurin ya zo ka taka, ka ba da layin a sama, ka sake takawa kafin hannunka ya koma kan kod. Wannan takun na biyu shi za ka fi maimaitawa, don rabin sakan in ka makara, baƙin nan goma sha biyu sun riga sun shigo. In ka yi gwajin firet na 15 ba ka ji fiton ba, kawo mini shi shago a Nima ranar Asabar bayan azahar, ka haɗo da jitar da adaftar da aka ba ka tare da shi, adaftar zan fara aunawa.